Za mu kai iyalai Tafkin Agnes a watan Fabrairu, wai sai mun yi kwas na zaftarewar ƙanƙara?

Abban Sadiq, Calgary

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan, ko duk wanda ya san harkar duwatsu lokacin sanyi, shawara nake nema.

Wannan ne hunturuna na biyu a Kanada. Na bara ban ga komai ba sai bangon ɗaki da tagar bas, daga gida sai wurin aiki, sai masallaci ranar Juma'a. Uwargida ta takura, yara sun takura, har Sadiq mai shekara tara ya tambaye ni ko haka za mu riƙa zama a kulle wata biyar duk shekara. Maganar ta tsaya mini a rai. Da zafi ya shigo, a watan Yuli, muka je Tafkin Louise da ke gandun dajin Banff, muka hau har Tafkin Agnes inda ɗan gidan shayin nan na katako yake. Tafiyar kamar kilomita uku da rabi ce, hawa ne amma ba mai tsanani ba. Na ga tsofaffi a hanyar, na ga masu goyo. Sadiq da ƙanwarsa da ƙafarsu suka kai. Tun ranar na ƙudurta cewa bana sai mun ga wurin nan cikin farar ƙanƙara.

To yanzu mun haɗu gida huɗu, manya takwas, yara tara, har da samari biyu da iyayensu ke aiki ranar suka ce mu tafi da su. Mun tsayar da hutun Ranar Iyali, Litinin ta uku ta Fabrairu. Za mu yi hayar faffaɗan takalmin nan na tafiya kan ƙanƙara, sinoshu, mata za su dama kunun gyaɗa a zuba a filas, akwai dambun nama da aka kawo wa wani daga gida. Kowa ya ɗokanta.

Jiya ina ba wata abokiyar aikina labari, haifaffiyar yankin nan ce, sai na ga fuskarta ta canza. Ta ajiye kofin da ke hannunta ta yi mini tambaya uku a jere: kun duba hasashen zaftarewar ƙanƙara? Akwai wanda ya yi AST 1 a cikinku? Kuna da na'urar nema da sanda da shebur? Na ce mata mu fa ba masu sulun ƙanƙara ba ne, tafiya kawai za mu yi a kan hanyar da kowa ke bi. Ta ce in yi wa Allah kada in kai yara wurin nan da sanyi. Aka kira ta, ba mu ƙarasa maganar ba.

Daren jiya ban yi barcin kirki ba. Ni na kawo shawarar tafiyar, ni mutane suka amince wa da 'ya'yansu. Tambayata ita ce, da gaske hanyar da dubban mutane ke bi da zafi tana da wannan haɗarin da sanyi, ko dai yawan taka-tsantsan ne irin na mutanen nan? Mene ne AST 1 ɗin, kuma dole ne ga wanda ba ya hawa ƙololuwar dutse? In wurin bai dace ba, ina za mu kai yaran? Ba na son in koma in ce musu an fasa kawai.

Maman Hanifa, Canmore

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka wa matar nan da alheri, kai ma Allah ya saka maka da ka tambaya kafin ranar. Amsa a taƙaice: kada ku je Tafkin Agnes da yaran nan. A watan Maris na 2014 mutum biyu masu sinoshu sun rasu a bakin tafkin nan, ƙanƙara ce ta rufe su. Hukumar gandun dajin ita da kanta tana gargaɗi cewa hanyar tana ratsa inda ƙanƙara ke zaftarowa, kuma gidan shayin ma a rufe yake duk hunturu.

Shekarata bakwai a Canmore, ni ma da irin tunaninka na zo, cewa abin na masu sulu ne da ke hawa can sama. Abin da ya fara buɗe mini ido labarin 1 ga Fabrairu, 2003 ne, wanda duk wanda ya zauna a yankin nan zai ji shi. Ɗaliban wata makaranta da ke kusa da Okotoks, 'yan aji goma, su 14 da manya uku, suna tafiya a ƙasan kwarin Connaught a Rogers Pass, wata mashigar duwatsu da ke yamma da nan. Ba su hau gangaren ba, a ƙasa suke. Ƙanƙara ta ɓalle daga can saman Dutsen Cheops ta sauko ta rufe su, yara bakwai suka rasu. Kwana 12 kafin nan wasu mutum bakwai sun rasu a Durrand Glacier. Bayan wannan hunturun ne aka kafa cibiyar da yanzu ake kira Avalanche Canada, mai hedikwata a Revelstoke, aka kuma fito da tsarin raba hanyoyi gwargwadon haɗarinsu. Don haka tambayar da ake yi ba ta tsaya a kan inda ƙafarka take ba. Ɗaga kai za ka yi ka ga me ke samanka.

Bari in gaya maka abin da na gani da idona ranar da muka fita daji a kwas, don shi ya sa na daina ganin ƙanƙara a matsayin abu ɗaya fari. Malaminmu ya sa muka haƙa rami har muka taɓo ƙasa, zurfinsa ya kai ƙirjina. Ya share bangon ramin da shebur ya yi sumul, sai ga shi shimfiɗa-shimfiɗa, kowace saukar ƙanƙara da tata, kowace iska da kowane zafin rana sun bar alama. Ya ce in tura hannu. A sama yatsa ɗaya da ƙyar yake shiga, ta daskare. Da na gangara kusa da ƙasa sai dunƙulen hannuna gaba ɗaya ya shige ba wani ƙoƙari. Na ɗebo, ta zube ta tsakanin yatsuna kamar sukari mai manyan ƙwaya. Na yi na yi in dunƙula ta, ta ƙi. Sai ya yanka ginshiƙi mai faɗin santimita 30 kowane gefe, ya ɗora bakin shebur a kai, ya fara bugawa da tafin hannu a hankali, goma daga wuyan hannu, sannan ya koma daga gwiwar hannu. Bai kai ƙarshen goma ta biyu ba sai rabin ginshiƙin na sama ya yanke tas, ya zamo ya faɗo a ƙafafunmu, ƙasansa a shafe kamar an sa wuƙa. Mu takwas ne a wurin, ba wanda ya ce uffan.

Ka ɗauka an zuba gero a kan tire, an kifa katako a kai, sannan aka karkata tiren. Haka ƙanƙarar duwatsun nan namu take a yawancin hunturu. Dalili kuwa, a nan ba ta da kauri kamar ta bakin teku, ga sanyi mai tsanani. Ƙasa tana da ɗan ɗumi, iskar sama tana iya kai 25 ƙasa da sifili, sai tururi ya riƙa tasowa ta cikin ƙanƙarar yana mayar da ta ƙasa wannan sukarin da ba ya kama juna. Yana iya zama a binne wata da watanni yana jiran nauyi. Sabuwar ƙanƙara ce, ko wadda iska ta tara, ko ɗumin iskar Chinook da kuka sani a Calgary, ko kuma ƙafar mutum ɗaya. A kusan tara cikin goma na haɗurran da ke cin mutane, wanda abin ya ci ko wani a cikin ayarinsa ne ya tayar da ita. Wani lokacin ma daga ƙasa, a wuri mai shimfiɗe: ka taka, ruɓaɓɓiyar shimfiɗar ta rufta a ƙarƙashinka, tsagewar ta bi ta ciki ta hau gangaren da ke samanka.

Gangaren da ya fi ɓallewa shi ne mai karkata digiri 30 zuwa 45, wato kusan tsayuwar matakalar bene. Ba wani tsololon bango ba ne da za ka gani ka ji tsoro. Kuma in ka ga an share itatuwa a jikin dutse tun daga sama har ƙasa kamar an yi titi, ba mutum ne ya sare su ba, hanyarta ce.

AST 1 kuwa kwas ne na masu farawa, manhajar Avalanche Canada ce, malamai masu izini ke koyarwa a Calgary da Canmore da Banff. Yawanci kwana biyu ne, ɗaya a aji ko ta intanet, ɗaya a daji. Ba sai kana sulu ba, da sinoshu na yi nawa. Ba ya mayar da mutum gwani. Abin da yake koya maka shi ne ka gane wurin haɗari in ka gan shi, ka iya karanta hasashe, ka iya tono ɗan'uwanka. Kafin nan akwai darasi kyauta a shafinsu mai suna Avy Savvy, za ka iya farawa yau da daddare.

Hasashen kullum ake fitar da shi da yamma, mataki biyar ne: kore, rawaya, ruwan lemo, ja, baƙi. Kuma kashi uku suke yi wa dutse, saman da ba itatuwa, iyakar itatuwa, da cikin daji, kowanne da launinsa. Abin da nake so ka riƙe shi ne na ukun, ruwan lemo, wanda za ka ga an rubuta Considerable. Mutum yana ganin uku cikin biyar sai ya ce ai tsaka-tsaki ne. A wannan matakin aka fi mutuwa, domin ranar ja kowa yana gida, ranar ruwan lemo kuwa rana na haskawa, wuri ya yi kyau, ƙanƙarar kuma tana jiran wanda zai taka ta.

Sai maganar samarin nan biyu. Bayan abin da ya faru a 2003, hukumar gandun daji ta kafa ƙa'ida ta musamman kan ƙungiyoyin da ke fita da yaran da ba iyayensu a tare lokacin hunturu. Ko da tafiyarku ta zumunci ce, ka karanta ƙa'idar, za ka ga yadda suka ɗauki amanar ɗan wani.

Wuraren zuwa suna nan da yawa. Troll Falls kusa da ƙauyen Kananaskis, gajeriyar tafiya ce cikin itatuwa, ruwan da ke zubowa ya daskare ya zama bango shuɗi-shuɗi, yara suna son sa sosai, sai dai kada su shiga ƙarƙashin ƙanƙarar da ke reto. Akwai zagayen Hogarth Lakes, a shimfiɗe yake. Akwai Johnston Canyon, amma can ƙugiyoyin takalmi kuke buƙata saboda santsi. In kuma ranku na kan Tafkin Louise, ku tsaya ta gaban otal ɗin da ke bakin tafkin, ku shiga ofishin baƙi ku tambayi ma'aikata inda za ku tsaya, don can ƙarshen tafkin ma akwai hanyoyin zaftarewa.

Ɗan Fagge

Hajiya, da girmamawa, ni dai ina ganin an tsorata bawan Allahn nan da yawa. Ni ganau ne. Bara a watan Janairu mu uku muka hau Tafkin Agnes, hanya a tattake take kamar daɓe, mun haɗu da mutane sun fi ashirin, wasu ko sinoshu babu. Muka yi hotuna muka sauko lafiya. Kuɗin kwas ɗin nan ba kaɗan ba ne ga mai iyali da ke biyan haya a Calgary, ga na'urorin ma da tsada. Mutanenmu da ƙyar suke fita da sanyi, in aka ƙara musu wannan ai sai su koma ɗaki gaba ɗaya, kuma zaman ɗakin ma yana da nasa ciwon. Sannan ajali in ya zo ko a kan gado yana ɗauka. Ba musu nake ba, abin da na gani na faɗa.

Baba Injiniya, Kamloops

Ɗana Ɗan Fagge, na ji daɗi da ka faɗi abin da ke ranka, domin da yawa haka suke tunani ba sa faɗa. Gaskiyarka kan zaman ɗaki, kuma ba wanda ya ce kada a fita. Amma bari in ja hankalinka kan tattakakkiyar hanyar nan. Sawun mutane yana nuna maka cewa wasu sun wuce ne kawai. Bai gaya maka ko sun san abin da suke yi ba, bai gaya maka abin da iska ta yi a saman dutsen daren jiya ba. Wannan shi ne mugun halin ƙanƙara: in ka yi kuskure ba ta nuna maka. Ka wuce ƙarƙashin gangaren da saura ƙiris ya ɓalle, ka koma gida kana ganin ka iya. Ka sake, ka sake, kullum ƙarfin gwiwarka na ƙaruwa alhali sa'a ce kawai kake ci. Wuta in ka taɓa ta ƙona ka, ka koya. Wannan ba ta yin gargaɗin farko.

Ni mutumin Damagaram ne, kuma abin da ya taimake ni fahimtarta tudun rairayi ne. Duk wanda ya yi tafiya arewa ya san iska tana kwashe yashi daga gefen da take bugawa ta zuba shi a bayan tudu, can ya taru ya yi tsaye, kana taɓa shi ya zubo. Haka take yi da ƙanƙara. Ko kwana uku ba a yi sabuwa ba, iska kaɗai tana iya loda wa bayan dutse kaya mai nauyi, ta matse shi ya zama murfi. A bakin ƙololuwa kuma tana gina wani leɓe da ke fita waje ba komai a ƙarƙashinsa. Daga sama kana ganinsa kamar fili ne. A watan Afrilu na 2017, a Dutsen Harvey da ke arewa da Vancouver, mutum biyar suka taka irin wannan leɓen ya karye da su, suka faɗa ɗaruruwan mita. 'Yan asalin Koriya ne, masu fita yawon duwatsu a ƙungiyance, mutane masu son tafiya da sabo da ita. Duk lokacin da na ji mutanenmu sun fara haɗa ayari irin na Abban Sadiq, ina murna, kuma su nake tunawa.

Na yi shekaru ina bin babbar hanyar da ta ratsa Rogers Pass saboda aiki. Sau da yawa ana tsayar da mu sa'o'i, sojojin Kanada su harba igwa a jikin duwatsu don su zubo da ƙanƙarar da gangan kafin ta zubo da kanta. Tun farkon shekarun 1960 suke wannan aikin duk hunturu. A wurin nan ne a watan Maris na 1910 ta kashe ma'aikatan jirgin ƙasa sama da hamsin, suna cikin share wadda ta fara zubowa ta biyu ta same su. Ƙasar da ke fito da igwa saboda abu, ba yawan tsoro ne ke damunta ba. Kuma ba ta san ɗan wane ba: Michel Trudeau, ƙanin tsohon firaministan Kanada Justin Trudeau, ita ce ta tura shi cikin Tafkin Kokanee a watan Nuwamba na 1998.

Maganar ajali kuwa, haka ne, babu mai wuce ranarsa. Amma ka tuna wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Kai da abokanka manya ne, kun zaɓa wa kanku. Yaro mai shekara tara bai zaɓi komai ba, bayan babansa kawai yake bi.

Batun kuɗi kuma yana da sauƙi. Wanda zai tsaya a wuraren da Maman Hanifa ta lissafa ba ya buƙatar sayen na'ura ko ɗaya. Ilimin gane inda ba za ka shiga ba shi ne na farko, kuma rabinsa kyauta ne. Ku haɗa kuɗi mutum biyu ko uku su yi kwas ɗin, su zama idon sauran. In ana so ni zan sa nawa hannun.

Ɗalibi a Erzurum

Salam iyayena da yayyena. Ni a Turkiyya nake karatu, a gabas inda ake ƙanƙara sosai, ina so in ƙara abu ɗaya kan abin da Baba ya faɗa na 1910. A watan Fabrairu na 2020 a lardin Van, kan hanyar Bahçesaray, ƙanƙara ta zaftaro ta rufe wata ƙaramar bas da motar share hanya. Washegari mutane da yawa suka taru suna tono, sojoji da jami'an ceto da mutanen ƙauye, sai ta biyu ta sauko a kansu. Waɗanda suka rasu gaba ɗaya sun haura 40, kuma mafi yawansu masu ceton ne. Na kawo wannan ne don na san halinmu, in abu ya faru kowa rugawa yake, ba ma iya tsayawa muna kallo. Hali ne mai kyau, amma a nan sai wani ya tsaya ya dubi sama tukuna, ya ga ko akwai sauran da ba ta zubo ba, kafin a shiga.

Maman Hanifa, Canmore

Haka yake ƙanena, shi ne ma abu na farko da ake koyarwa a ceto. Baba, Allah ya ƙara girma.

Ɗan Fagge, bari in yi maganar na'urorin, don kada wani ya saya ya ɗauka ya sayi kariya. Ba sa hana ƙanƙara zubowa. Amfaninsu bayan ta rufe mutum ne, kuma a nan mintoci ake ƙirgawa. Binciken da aka yi a Suwizalan ya nuna cewa waɗanda aka tono cikin minti 15 na farko, sama da tara cikin goma suna rayuwa. Zuwa minti 35 abin ya faɗo zuwa kusan uku cikin goma, numfashi ne ke ƙarewa. Da aka duba alƙaluman Kanada sai aka ga lokacin ma bai kai haka ba, daga minti goma yake fara zubewa, ga kuma waɗanda buguwa da itatuwa da duwatsu ke kashewa tun kafin ta tsaya, kusan ɗaya cikin huɗu. Jirgi mai saukar ungulu ba zai iso cikin minti goma ba, wurare da yawa a Kananaskis ma babu sabis ɗin waya. Wanda kuka fita tare shi ne mai cetonka.

Shi ya sa kowa a ayari yake ɗaura tasa na'urar a jiki, ƙarƙashin riga, tana aika sigina tun daga mota. In an rufe wani, sauran su mayar da tasu kan nema. Waya ma ana nisanta ta da ita don tana rikita ta. Ranar gwajinmu an binne jaka da na'ura a ciki, zurfin kamar mita ɗaya. Gano wurin bai ɗauke mu minti huɗu ba. Muka haɗa sandar, irin mai naɗewa ce kamar ta tanti, muka riƙa sokawa muna zagayawa har na ji ta taɓa abu mai laushi. Aka bar ta a tsaye, muka ja baya ta gangare muka fara tono muna nufo ta, na gaba yana sara, na baya suna kwashewa, ana canji. Malam, ban taɓa sanin ƙanƙara na da nauyi haka ba. Wadda ta zaftaro in ta tsaya kamewa take kamar siminti, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa, shebur ɗin roba karyewa yake. Mu huɗu, muna haki, gumi na daskarewa a goshinmu, sai da muka ci minti goma sha ɗaya kafin hannun jakar ya fito. Malamin ya nuna mana agogo bai ce komai ba. Na zauna a kan ƙanƙara ina tunanin da Hanifa ce a ciki.

Tun daga ranar, in na ji ƙasa ta yi wani "wuf" a ƙarƙashin ƙafata kamar an saki numfashi, ko na ga tsaga ta gudu daga bakin takalmina, ko na hango inda ta zubo sabuwa a dutsen da ke gefe, juyawa nake. Sau biyu na juya da motar ma ban fito ba, saboda abin da na karanta a hasashe da safe.

Abban Sadiq, Calgary

Jama'a, Allah ya saka da alheri, ya raya muku zuri'a. Hajiya, na karanta amsarki ta farko sau uku, sannan na karanta wa uwargida. Da na zo wurin ɗaliban nan bakwai sai ta tashi ta leƙa ɗakin yara.

Na kira sauran magidantan uku bayan sallar isha'i. Mun mayar da tafiyar Troll Falls, ranar ba ta canza ba, kunu da dambu ma suna nan. Na nuna wa Sadiq hoton daskararren ruwan, ya ce ya ma fi. Iyayen samarin nan biyu na gaya musu sunan wurin da lokacin da za mu dawo. An tuna mini cewa ajiye mota a Kananaskis sai da takardar izini, zan saya wa motocin ta intanet kafin ranar.

Na fara Avy Savvy daren jiya, na kai wurin da ake nuna hotunan duwatsu a ce ka nuna hanyar zaftarewa. Na buɗe hotunan da muka ɗauka a Tafkin Agnes a watan Yuli. A bayan Sadiq, inda yake tsaye riƙe da kofin shayi, ga gangare nan tun daga sama har bakin ruwa, ba itace ko ɗaya a jikinsa. Wata bakwai hoton nan yana fuskar wayata.

Ni da wani maƙwabcina mun yanke za mu yi AST 1 kafin hunturun nan ya fita. Baba, mun karɓi tayinka da godiya, amma mun fi so a sa kuɗin a biya wa mace ɗaya a cikinmu, don matan ma suna fita da yara ranakun da muke aiki. Ɗan Fagge, akwai wuri ɗaya a motata ranar kwas ɗin, in kana so ka yi mini magana kafin Juma'a don mu yi rajista tare. Hajiya, tambaya ta ƙarshe: a ranar fita dajin, su ke ba da aron na'ura da sanda da shebur, ko sai mun yi haya tun daga Calgary?